Me ya sa Plex da Jellyfin ke aiki lafiya a gida, amma da an fita su ƙi?

Tsohuwar laftof da aka jingine, ma'adana mai terabait ɗaya ko biyu, sai manhajar Plex, Jellyfin ko Emby. Iyakar abin da ake buƙata ke nan a mayar da kusurwar ɗaki ta zama ƙaramar Netflix ta gida. A ciki ake tara bidiyon biki da na suna, karatun tafsirin da aka naɗa, darussan koyon sana'a, hotunan iyali da finafinan da mutum ya mallaka. Kwamfutar da ke riƙe da kayan ita ce uwar garke, ko saba. Muddin waya na kan Wi-Fi ɗin gidan, komai na tafiya sumul.

Rigimar sai an bar gida. Ɗalibi ya koma makaranta a Zariya, uwar garken tana Kano, ya buɗe manhaja ta ce ba ta ga komai ba. Gobe ta buɗe. Jibi ta buɗe, amma hoton ya dusashe kamar na tsohon kaset, bayan minti uku kuma ya tsaya yana ta juyi.

A nan mutane da yawa ke yin asara. Wani ya goge manhajar ya sake girka ta, jerin abin da ya kalla da tsarin da ya sha wahalar yi duk su tafi. Wani ya sayi sabuwar rauta. Wani kuma, wanda nasa ya fi muni, ya bi shawarar wani bidiyo ya buɗe wa duniya kwamfutarsa gaba ɗaya. Alhali galibi laifin ba na manhajar ba ne. Yana kan hanyar da ke tsakanin waya da gida, kuma hanyar nan ana iya bin ta daki-daki a gano inda ta karye.

Gwajin farko, wanda da yawa ke kuskurewa

Ba a gwada shiga daga waje da wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gida. Sai an kashe Wi-Fi, an kunna datar waya, sannan a buɗe manhajar. Ko mutum na zaune kusa da uwar garken, da zarar ya koma kan data ya zama baƙo daga waje.

Daga nan sai a lura da irin ciwon. Rashin haɗuwa kwata-kwata daban, haɗuwa yau a ƙi gobe daban, haɗuwa amma bidiyo na sarƙewa shi ma daban. Kowanne da inda ake nemansa. Masu Plex suna da shafin Remote Access a cikin saiti, mai nuna kore ko ja. Yana da amfani, sai dai ba a rantsuwa da shi: yakan nuna kore na ɗan lokaci sannan ya koma ja, yakan kuma nuna ja alhali ana kallo lafiya. Shafin Dashboard ya fi shi gaskiya. Idan ana cikin kallo daga waje ya rubuta Indirect, to wayar ba ta isa gida kai tsaye ba, ta bi ta kwamfutocin kamfanin Plex ne. Wannan hanyar agaji, da ake kira Relay, gudunta bai wuce 2 Mbps ba. Hoton da ke dusashewa ba gaira ba dalili, yawanci daga nan yake.

Ƙofa da mai gadi

Kowace na'ura a cikin gida tana da adireshin IP na cikin gida, irin su 192.168.1.20. Adireshin nan ba ya aiki a intanet, kamar lambar ɗaki ce a cikin gidan haya. Gidan duka adireshi ɗaya yake da shi a waje, kuma rauta ce ke riƙe da shi, ita ce mai gadi. Saƙon da wani na ciki ya aika, idan amsarsa ta dawo, mai gadi ya san ɗakin da zai kai. Amma baƙon da ya zo da kansa ba tare da an kira shi ba, a bakin ƙofa ake sallamarsa.

Wayar da ke neman uwar garke daga waje irin wannan baƙon ce. Shi ya sa ake bai wa rauta umarni cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza, a kai shi wurin kwamfuta kaza. A saitin rauta sunan abin Port Forwarding. Ƙofar Plex ita ce 32400, ta Jellyfin da Emby kuma 8096. Plex na iya roƙon rauta ta buɗe ƙofar da kanta ta hanyar tsarin UPnP, amma rautoci da yawa na mance wannan alkawari da zarar sun mutu sun tashi. Sa umarnin da hannu ya fi ɗorewa. Bayan an sa, shafuka irin su canyouseeme.org na gwada ƙofar daga waje su faɗi ko a buɗe take.

Idan an yi duk wannan daidai amma ƙofa ta ƙi buɗuwa, akwai yiwuwar mai gadin ba ɗaya ba ne.

CGNAT: katangar da ba a gani

Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su, kuma babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare tun watan Fabrairun 2011. Kamfanonin sadarwa, musamman na wayar salula, ba su da isassun da za su bai wa kowane layi nasa. Sai suka koma haɗa kwastomomi masu yawa a bayan adireshi guda. Sunan dabarar CGNAT. Ma'anarta ita ce bayan mai gadin gida akwai wani babban mai gadi a bakin unguwa, na kamfani, wanda ba ya karɓar umarni daga kowa.

Wannan ya shafi masu amfani da intanet a Najeriya da Nijar fiye da yadda ya shafi masu rubuta yawancin darussan da ke YouTube. Su galibi suna da layin waya ko na fayiba da ke shiga gida da adireshinsa na waje. A nan kuwa intanet ɗin gidaje da dama rauta ce ko MiFi mai cin layin SIM na 4G ko 5G, kuma irin waɗannan layuka kusan ko'ina a duniya a bayan CGNAT suke. Starlink ma, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka yake bai wa masu tsarin gida. Mutum zai kwana yana gyara Port Forwarding, ya bi darasi layi-layi, ba abin da zai canza, don ƙofar da yake buɗewa ba ita ce a kulle ba.

Gano shi ba ya cin minti biyu. A shiga shafin rauta ta burauza, yawanci 192.168.0.1, 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, a nemi inda aka rubuta WAN IP. Sannan daga wayar da ke kan Wi-Fi ɗin gidan a tambayi Google adireshin IP ɗin da duniya ke gani. Idan lambobin biyu iri ɗaya ne, gidan na da adireshin waje, matsalar tana wani wuri. Idan sun bambanta, akwai wata katanga a gaba. Adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 an ware shi ne musamman don CGNAT tun 2012. Wanda ya fara da 10. a kan rauta mai SIM shi ma labarin ɗaya ne.

Akwai wani mai kama da shi wanda maganinsa na hannun mai gida. Idan kamfani ya kawo akwatinsa, mai gida kuma ya jona tasa rautar a baya don Wi-Fi ya kai ɗakunan ciki, to masu gadi biyu ke nan a cikin gida ɗaya. Alamarsa ita ce WAN IP na rauta ta biyu ya fara da 192.168. Sai a mayar da ta biyun Access Point, ko a sa akwatin kamfani a Bridge Mode, ko kuma a buɗe ƙofar a kan dukansu biyun.

CGNAT na gaske kuwa hanyoyin kauce masa ba su da yawa. Wasu kamfanoni na sayar da adireshin waje, galibi a tsarin 'yan kasuwa, da ƙarin kuɗi. Sabon tsarin IPv6 ba ya buƙatar wannan cunkoso, kuma Starlink na bayar da shi, amma sai layin wayar da ake kallo da ita ma yana da shi, abin da ba a samu kullum. Ga mafi yawan mutane, hanyar da ta rage ita ce a daina jiran baƙo ya shigo ta ƙofa.

Rami maimakon ƙofa

Manhajoji irin su Tailscale da ZeroTier suna juya lamarin ne. Ana girka manhajar a kan uwar garke da kuma waya, a shiga da asusu ɗaya. Kowace na'ura ita ce ke miƙa hannu waje, sai su haɗu su gina rufaffiyar hanya tsakaninsu. Tunda daga ciki aka fara kiran, masu gadi ba sa hanawa. Tailscale an gina shi ne kan fasahar WireGuard, tsarinsa na kyauta kuma ya ishi gida ɗaya. Zai bai wa uwar garken adireshi mai farawa da 100. wanda ba ya canzawa. Kada wannan ya rikita mutum da na CGNAT ɗin kamfani, daga rukunin lambobi ɗaya aka ɗebo su, amma aikinsu daban. Mai Jellyfin sai ya rubuta adireshin a manhajar waya, ya ƙara :8096 a ƙarshe. A tabbata kuma an kunna izinin shiga daga waje a saitin sadarwa na Jellyfin, in ba haka ba zai iya korar wayar.

Ramin ma yana da nasa halin. Idan gida da waya duka suna bayan CGNAT mai tsauri, wani lokaci ba sa iya haɗuwa kai tsaye, sai Tailscale ya bi da su ta kwamfutocinsa na agaji da ake kira DERP. Haɗin zai yi, amma gudu zai ragu. Umarnin tailscale ping a kan kwamfuta na nuna ko kai tsaye ake ko ta DERP.

Sai wani tarko da ke kama mutane bayan sun manta da batun: makullin kowace na'ura a Tailscale yana ƙarewa bayan kwana 180. Wata shida ana kallo lafiya, rana ɗaya uwar garke ta daina haɗuwa. A shafin kula da na'urori akwai zaɓin Disable key expiry, kuma uwar garke ce ta fi cancanta da shi.

A ɓangaren waya, Android ba ya barin VPN biyu su yi aiki lokaci guda. Wanda ya kunna wata manhajar VPN don wata buƙata, ya kashe Tailscale ke nan ko bai sani ba. Tsarin tattalin batir na wayoyi da yawa shi ma yakan kashe manhajar idan an rufe fuskar waya. A cire ta daga jerin waɗanda ake takura wa, a kunna Always-on VPN idan ana so ta zauna.

Za a ga masu ba da shawarar Cloudflare Tunnel. Yana ratsa CGNAT, gaskiya ne, amma sharuɗɗan kamfanin sun taƙaita tura bidiyo mai yawa ta hanyarsa a tsarin kyauta. Bai dace a ɗora ɗakin kallo a kansa ba.

Yau ya yi, gobe ya ƙi: a fara zargin wuta

Matsalar da ke zuwa tana tafiya ta fi cin rai, kuma a ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, tushenta sau da yawa ɗaya ne. Ba wai kawai na'urori na mutuwa ba. Abin da ke faruwa bayan an dawo da wutar shi ne babban abin.

Rauta ta tashi, ta fara raba adireshin cikin gida ga duk wanda ya riga zuwa. Jiya uwar garke ce 192.168.1.20, yau talabijin ta riga ta, ita kuma ta samu 192.168.1.23. Umarnin ƙofa yana nan yana nuna 20, wato baƙi na ta zuwa wurin talabijin. Wani ɗaukewar wutar kuma sai a yi sa'a lambar ta dawo, mutum ya ɗauka abin ya gyaru da kansa. Maganin shi ne a ɗaure wa uwar garke adireshi guda a saitin rauta, wurin da ake kira DHCP Reservation ko Address Reservation.

Kwamfutar tebur ba ta tashi da kanta idan wuta ta dawo sai an gaya mata. A cikin BIOS akwai zaɓi mai suna kamar Restore on AC Power Loss, a mayar da shi Power On. Ko ta tashi, Plex a kan Windows yana jiran a shiga asusun mai kwamfutar kafin ya fara aiki. Kwamfuta na iya kwana a kunne tana jiran kalmar sirri, uwar garke kuwa ba ta tashi ba. Jellyfin na ba da zaɓin girka shi a matsayin sabis mai tashi tare da Windows. Haka nan a hana kwamfutar yin barci, a kuma saita laftof kada ta kwanta idan an rufe murfinta. Idan Windows ya ɗauki sadarwar gidan a matsayin Public, katangar tsaronsa na iya toshe ƙofar, sai a mayar da ita Private.

A nan tsohuwar laftof ta fi kwamfutar tebur, don batirinta na cike giɓin da ke tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta. Amma uwar garke mai rai ba ta da amfani idan rauta ta mutu. Ƙaramin UPS na rauta, irin mai fitar da 12V, yana cikin kayan da suka fi biyan kuɗinsu a wannan harka. Idan da hali kuma a jona uwar garke da rauta da kebul, a bar Wi-Fi ga wayoyi.

Adireshin waje shi ma yakan canza. Plex na bin sawun canjin da kansa. Mai Jellyfin da ya buɗe ƙofa yana buƙatar suna mai bin adireshi daga irin su DuckDNS ko No-IP. Na No-IP na kyauta sai an tabbatar da shi duk kwana 30, wanda ya yi watsi da saƙonsu na imel zai wayi gari sunan ya mutu.

Ya haɗu, amma yana sarƙewa

Idan aka yi maganar gudun intanet, kowa lambar saukewa yake kallo. Ga uwar garke lambar turawa ce ke da muhimmanci, don ita ke aika bidiyon waje. A gwada da Speedtest daga kan uwar garken kanta, da rana da kuma bayan isha'i lokacin da kowa ke kan layi. Layin da ke sauke 30 Mbps yana iya tura 3 kacal da dare. Fim ɗin 1080p da aka kwafo daga faifan Blu-ray ba tare da an matse shi ba yakan nemi 20 zuwa 40 Mbps. Ba zai wuce ta wannan bututun ba ko an yi addu'a.

Sai a rage ingancin kallon waje a manhajar waya. A fuskar waya mai inci shida, 720p a kan 2 zuwa 4 Mbps ya wadatar. Lissafin data ma na goyon bayan haka: kowane 1 Mbps yana cin kusan MB 450 a awa ɗaya. Kallo a 4 Mbps GB 1.8 ne a awa, a 8 Mbps kuma GB 3.6. Kuma sau biyu ake biya, don rautar gida na ƙona data wajen turawa, waya na ƙona tata wajen karɓa. Wanda ya san zai yi tafiya, ya sauke abin da zai kalla tun yana kan Wi-Fi ɗin gida ya fi masa arha nesa ba kusa ba.

Rage inganci na da nasa farashin. Dole uwar garke ta riƙa sauya fasalin bidiyon nan take, aikin da Dashboard ke nunawa da Transcode. Ƙiyasin Plex shi ne sauya bidiyon 1080p guda ɗaya na buƙatar masarrafa mai maki kusan 2,000 a ma'aunin PassMark, na 4K kuwa 12,000 zuwa 17,000. Tsohuwar laftof za ta yi zafi, fanka na ihu, bidiyo na tsayawa, mai kallo kuma ya ɗora wa netwok laifi. Masarrafan Intel masu Quick Sync na yin aikin cikin sauƙi idan an kunna shi. A Jellyfin kyauta ne, a Plex sai mai Plex Pass. Fassarar rubutu irin ta PGS ma takan tilasta wannan sauyi, alhali ta SRT ba ta cika yi ba. Dabara mafi sauƙi ita ce a ajiye ƙaramin kwafi na 720p da aka matse da HandBrake, don kallon waje kawai.

Idan ba hanya ba ce, asusu ne

Tun 29 ga Afrilun 2025 Plex ya daina barin a kalli bidiyon uwar garke daga waje kyauta. Ko dai mai uwar garken yana da Plex Pass, ko mai kallo ya sayi Remote Watch Pass, wanda aka fara sayarwa dala 1.99 a wata. An fara aiwatar da dokar a manhajojin waya, sauran na'urori suka biyo baya a hankali, abin da ya sa wani ya riƙa ganin kallo na yi a wata na'ura yana ƙi a wata. Biyan kuɗin ba ya cire CGNAT, izini kawai yake saya. Jellyfin, wanda ya ɓalle daga Emby a Disambar 2018, ba ya karɓar ko sisi, amma kuma ba shi da hanyar agaji irin Relay. Duk aikin hanya na kan mai shi.

Haka kuma wanda ya canza kalmar sirrin Plex ya zaɓi a fitar da duk na'urori, kamar yadda kamfanin ya nemi a yi bayan kutsen Agustan 2022 da na Satumban 2025, ya fitar da uwar garkensa ma. Sai ya zauna gabanta, ya buɗe 127.0.0.1:32400/web a burauza, ya sake karɓar ta da asusunsa.

Abin da bai kamata a yi ba ko an gaji

Idan haƙuri ya ƙare, zaɓin DMZ a rauta na da jan hankali, don yana tura duk mai ƙwanƙwasawa zuwa kwamfuta ɗaya. Wannan cire ƙyauren gida ne gaba ɗaya saboda makulli ya yi tauri. Akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne zagaya intanet suna taɓa ƙofofi. A watan Mayun 2023 kamfanin Emby ya dakatar da uwayen garke kusan 1,200 na masu amfani da shi bayan an kutsa cikinsu, ta hanyar asusun shugaba da aka bari ba kalmar sirri. Kutsen da aka yi wa LastPass a 2022 ma ta kwamfutar gidan wani injiniyansu aka bi, wadda ke ɗauke da tsohon Plex mai ɓaraka da aka toshe tun Mayun 2020, shi bai sabunta ba.

Ƙofar 8096 ta Jellyfin ba ta ɓoye abin da ke wucewa, har da kalmar sirri, sai an ɗora mata HTTPS da manhaja irin Caddy. Wanda bai shirya wannan aikin ba, ya bar ƙofar a rufe ya bi ta Tailscale. Kowane ɗan gida a buɗe masa asusunsa daban, na shugaba ya zauna a hannun mutum ɗaya, a kuma cire babban fayil ɗin hotunan iyali daga abin da asusun abokai ke iya gani.